Yadda Jarabar Giya da Ƙwaya Ke Kafuwa a Jikin Mutum

Mafi yawan mutanen da suka taɓa kurɓar giya ko suka ɗanɗana wata ƙwaya ba sa zama mashaya. Ɓoye wannan gaskiyar ba ya taimakon kowa, domin matashin da aka ce wa shan farko kaɗai zai haukata shi, da zarar ya ga abokinsa ya sha bai haukace ba, sai ya yi watsi da duk sauran gargaɗin. A 1994 wani mai bincike, James Anthony, da abokan aikinsa sun fitar da alƙaluma daga wani babban bincike da aka yi kan Amurkawa 'yan shekara 15 zuwa 54. Cikin kowane mutum 100 da suka taɓa shan taba sigari, kimanin 32 sun kamu. Hiroyin ta kama 23, hodar iblis 17, giya 15, tabar wiwi 9. Abin tsoron yana wani wurin: babu wanda ya san tun farko ɓangaren da zai faɗa, kuma wanda ya kamu ba ya jin ranar da ya tsallaka. Kamuwa sauye-sauye ne da ke taruwa a ƙwaƙwalwa sannu a hankali, har dalilin shan ya juya daga neman daɗi zuwa gudun azaba, mai shan kuwa yana ganin bai canza ba.

Akwai abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa. Na farko jiki ya saba, adadin da ke bugarwa jiya ya daina bugarwa yau. Na biyu jiki ya dogara, idan aka yanke sai ciwo ya taso. Na uku ita ce jarabar kanta, mutum ya kasa riƙe kansa duk da yana ganin ɓarnar da idonsa. Mai ciwon daji da likita ya ɗora kan mofin, wani maganin ciwo mai ƙarfi, na watanni zai samu na farko da na biyu, amma sau da yawa ba shi da na uku. Mai shaƙar hodar iblis kuwa yana iya nitsewa cikin na uku ba tare da karkarwa ko amai ba idan ya daina. Bambancin yana da amfani, domin kowanne da hanyar magance shi.

A 1954, a Jami'ar McGill ta Kanada, James Olds da Peter Milner sun dasa siririyar waya a ƙwaƙwalwar ɓeraye, suka haɗa ta da wani maɓalli da ɓeran zai iya dannawa da kansa, ya aika ɗan lantarki ta cikinta zuwa ƙwaƙwalwarsa. Idan wayar ta sauka a wani yanki na musamman, ɓeran yakan yi ta dannawa ba ƙaƙƙautawa. Daga baya aka gano cewa akwai wata hanyar jijiyoyi da ta taso daga tsakiyar ƙwaƙwalwa zuwa wani ɗan curi da ke can ciki ta gaba, kuma saƙon da ke bin wannan hanyar sinadari ne mai suna dofamin. Aikin hanyar shi ne koya wa mai rai abin da ya cancanci a sake nema: abinci, ruwa, saduwa, kusantar 'yan'uwa. A 1988 Gaetano Di Chiara da Assunta Imperato a Italiya suka auna ruwan wannan curin a ɓeraye, suka nuna cewa giya, nikotin, mofin, hodar iblis da amfetamin duk suna ƙara dofamin a wurin, ko da yake kowanne ta ƙofarsa yake shiga. Hodar iblis tana toshe hanyar da ake kwashe dofamin bayan ya gama isar da saƙo, sai ya taru. Amfetamin yana juya wannan hanyar baya, ya tunkuɗo dofamin waje. Dangin mofin, wato hiroyin, kodin da tiramadol, suna kashe bakin jijiyoyin da aikinsu shi ne tsawatar wa masu fitar da dofamin. Giya tana taɓa wurare da yawa a lokaci guda.

An daɗe ana kiran dofamin sinadarin jin daɗi, amma binciken Wolfram Schultz kan birai a shekarun 1990 ya gyara wannan fahimtar. Idan aka ba biri ruwan zaƙi ba zato, jijiyoyin dofamin suna harbawa. Idan aka riƙa kunna wata alama kafin a ba shi, bayan ɗan lokaci sai harbin ya koma kan alamar, ruwan kansa ya daina tayar da su. Idan aka kunna alamar aka hana ruwan, sai harbin ya faɗi ƙasa da yadda yake a da. Ma'ana, dofamin yana auna tazarar da ke tsakanin abin da aka zata da abin da aka samu, yana ce wa ƙwaƙwalwa ta riƙe duk abin da ya kai ga wannan. Da abinci, darasin yana da iyaka, domin da zarar an san ɗanɗanon, mamakin ya ƙare. Ƙwaya kuwa tana tilasta fitar dofamin ta hanyar sinadari kai tsaye, ko an zata ko ba a zata ba. Don haka kowane sha yana sake rubuta saƙo ɗaya, cewa wannan ya fi yadda aka yi tsammani, kuma duk abin da ke kewaye da shan yana shiga rubutun: wurin, lokacin, ƙanshin, mutanen, kiɗan, har da yanayin zuciyar da aka sha a cikinsa.

Saurin isar abin ƙwaƙwalwa yana ƙara zurfin darasin. Hayaƙin da aka zuƙa yana isa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, allurar jijiya cikin ƙasa da minti ɗaya, abin da aka shaƙa ta hanci cikin 'yan mintuna, abin da aka haɗiya kuma sai ya ɗauki rabin awa zuwa awa guda. Gwargwadon kusancin aikin da sakamakonsa, gwargwadon yadda ƙwaƙwalwa ke ɗaure su wuri guda. Shi ya sa sigari, wadda buguwarta ba ta taka kara ta karya ba, ta zo kan gaba a alƙaluman Anthony: mai shan kwali ɗaya a rana yana maimaita darasin sau ɗaruruwa, zuƙa bayan zuƙa. Kuma ranar da mai haɗiyar ƙwaya ya koma niƙa ta yana shaƙa ko yana narka ta yana allura, ya shiga wani mataki dabam ko da adadin bai canza ba.

Terry Robinson da Kent Berridge sun ƙara wani bayani a 1993 wanda duk mai hulɗa da mashaya zai gane. Tsarin da ke haifar da kwaɗayin abu daban yake da wanda ke haifar da jin daɗinsa. Maimaita sha yana ƙara wa na farko kaifi, na biyu kuwa yana dushewa. Saboda haka idan mashayi ya ce ya daina jin daɗin abin amma ya kasa bari, ba ƙarya yake yi ba, yana bayyana abin da ke faruwa a kansa ne daidai.

Jiki yana mayar da martani

Jiki ba ya zuba ido a riƙa karkatar da shi. Hanta tana iya sarrafa kimanin giram 7 zuwa 10 na tsantsar barasa a awa guda, kuma idan shan ya zama na kullum takan ƙara yawan sinadaran da ke narkar da ita, sai buguwar ta riƙa saurin sakin mutum. Amma babban sauyin a ƙwaƙwalwa yake. Akwai manyan saƙonni biyu da ke daidaita aikinta kamar birki da totur: GABA mai lafar da jijiyoyi, da gulutamet mai zaburar da su. Giya tana taka birkin, tana kuma ɗage ƙafa daga totur, shi ne kasala da sakin baki da tangaɗi. Idan aka yi makonni ana haka, ƙwaƙwalwa takan rage ƙarfin makarɓan saƙon GABA, ta ƙara na gulutamet, don ta ci gaba da aiki duk da giyar. A nan ne mutum ke fara alfahari cewa shi giya ba ta kayar da shi. Wannan alfaharin alamar haɗari ce, domin yana nufin ƙwaƙwalwarsa ta riga ta sake tsarinta bisa zaton giya za ta zo kullum.

A dangin mofin, sabon jiki ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa a ko'ina, kuma nan ne mutuwa ke shigowa. Jin daɗin yana dushewa da sauri, sai a ƙara adadi. Cibiyar numfashi da ke gindin ƙwaƙwalwa tana sabawa ita ma, amma ba da wannan saurin ba. Taurin bayan gida da tsukewar ƙwayar ido kuwa kusan ba sa sabawa. Kullum tazarar da ke tsakanin adadin da ke bugarwa da adadin da ke tsayar da numfashi sai ƙara matsewa take yi. Idan aka haɗa da giya ko maganin barci irin su diyazefam, waɗanda su ma suke danne numfashi, tazarar na iya rufewa gaba ɗaya. Tiramadol yana da nasa tarkon: iyakar da likitoci suka sa ita ce miligiram 400 a rana, kuma wuce ta yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba. Magungunan da aka haɗa kodin da farasitamol kuma, mai bin kodin yana ƙara adadi sai ya wuce giram 4 na farasitamol a rana, hanta ta fara lalacewa.

Wani ɓangare na sabon ma koyonsa ake yi. A 1982 Shepard Siegel ya saba wa ɓeraye da hiroyin a wani ɗaki, sannan ya ba su babban adadi. Waɗanda aka ba a ɗakin da suka saba, kimanin kashi 32 cikin 100 ne suka mutu. Waɗanda aka ba a wani ɗakin dabam, kashi 64. Wurin da aka saba yana sanar da jiki abin da ke tafe, sai ya fara shirin turjiya tun abin bai shiga ba. Sabon kuma yana zubewa cikin kwanaki idan aka daina, alhali hannu bai manta adadin da ya saba ɗiba ba. Wani bincike da aka wallafa a 2007 kan fursunonin da aka sako a jihar Washington ta Amurka ya nuna cewa a makonni biyun farko, haɗarin mutuwarsu sanadin wuce kima ya ninka na sauran jama'a har sau 129.

Idan aka yanke, duk gyaran da jiki ya yi sai ya fito fili ba abin da ke danne shi. Mai shan giya da yawa kullum yakan fara jin karkarwar hannu, gumi, bugun zuciya, tashin zuciya da fargaba tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe. Jijjiga na iya zuwa a cikin kwana biyun farko. Tsakanin awa 48 zuwa 96 kuma, wasu kaɗan, kimanin 5 cikin 100, sukan shiga ruɗewa mai tsanani da zazzaɓi da gane-gane, wadda ke kisa idan ba a kai asibiti ba. Magungunan barci dangin diyazefam haka suke, kuma makonni kaɗan na shan kullum sun isa jiki ya dogara da su. An kuma lura cewa duk lokacin da aka sake yankewa aka koma, yankewar gaba takan fi ta baya tsanani. Hiroyin tana fara nuna nata cikin awa 8 zuwa 24: hamma, hawaye, majina, tashin tsikar jiki, ciwon ƙashi da gaɓoɓi, murɗar ciki, amai da gudawa, su kai ƙololuwa a rana ta biyu zuwa ta uku, su lafa cikin mako guda zuwa kwana goma. Azaba ce ta gaske, amma ba kasafai take kisa ba sai in ruwan jiki ya ƙare. Hodar iblis da amfetamin suna barin mutum da yawan barci, yunwa da baƙin ciki mai nauyi da kan kai ga tunanin kashe kai. Wiwi ma tana da nata, saɓanin abin da masu shanta ke faɗa: saurin fushi, rashin barci, munanan mafarkai da rashin cin abinci, na mako ɗaya zuwa biyu.

Ciwon jiki yana wucewa. Abin da ya fi daɗewa shi ne wanda masanin ƙwaƙwalwa George Koob ya shafe shekaru yana bayani a kai. Yayin da tsarin lada ke dushewa, tsarin fargaba da damuwa na ƙwaƙwalwa yana ƙara ƙarfi. Hotunan ƙwaƙwalwa da Nora Volkow da abokan aikinta suka ɗauka sun nuna raguwar wani nau'in makarɓan dofamin a masu jarabar hodar iblis da giya da sauransu, kuma raguwar tana nan watanni bayan an daina. A rayuwar yau da kullum, wannan yana nufin abinci ba ɗanɗano, hira ba armashi, wasan yara ba ya motsa zuciya, ƙaramin ɓacin rai kuma ya zama babba. Abu ɗaya ne ke ɗage wannan nauyin nan take, shi ne wanda ya jawo shi. Daga nan mutum ba don ya yi maye yake sha ba, yana sha ne don ya iya tashi ya yi magana da mutane kamar kowa. Shan safe don hannu ya daina rawa shi ne alamar da ta fi fitowa fili cewa an iso wannan matakin.

A lokaci guda, ragamar aikin tana sauya hannu. Abin da aka fara da niyya yana komawa yankin ƙwaƙwalwa mai kula da ɗabi'un da ake yi ba tunani, goshin ƙwaƙwalwa kuma, mai auna sakamako da cewa a dakata, yana rauni. Shi ya sa mutum zai yi rantsuwa da safe da zuciya ɗaya, yamma ta yi ya tsinci kansa a inda ya rantse ba zai je ba. Iyalai sukan ɗauki wannan a matsayin yaudara. Wani lokaci akwai yaudarar, amma galibi niyyar safen gaskiya ce, abin da zai riƙe ta zuwa yamma ne ya lalace.

Me ya sa wani ya kamu, wani ya tsira

Shekarun farawa suna kan gaba. Goshin ƙwaƙwalwa ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, alhali tsarin lada ya riga ya kai ƙarfinsa tun farkon balaga. Bridget Grant da Deborah Dawson sun nuna a 1997 cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka fara shan giya suna da shekara 14 ko ƙasa sun kamu a wani lokaci na rayuwarsu, waɗanda suka fara daga shekara 20 zuwa sama kuwa kimanin kashi 10 ne. Gado yana ɗaukar kusan rabin haɗarin, kamar yadda binciken tagwaye ya nuna, amma ba ƙwayar gado ɗaya ba ce, kuma ba hukunci ba ne. Wani gadon ma kariya ne: mutane da yawa a gabashin Asiya hantarsu ba ta iya kawar da gubar da giya ke rikiɗewa zuwa gare ta, sai fuska ta yi ja, zuciya ta tashi, shan ya zama wahala. Akasin haka, wanda tun farko giya ba ta saurin bugar da shi ya fi shiga haɗari, domin jikinsa ba ya tsawatar masa da wuri.

Sai kuma abin da ƙwayar ta tarar a zuciya. Mai fama da ciwon damuwa, ko fargaba, ko tabon cin zarafin da aka yi masa yana yaro, shan farko yakan ba shi sauƙin da ya daɗe bai samu ba. Irin wannan ya tsallake matakin neman daɗi, ya fara kai tsaye daga gudun azaba, don haka tafiyarsa ta fi gajarta. Yawan kwanakin da aka jera ana sha shi ma yana da nauyi, ko da likita ne ya rubuta maganin. Alƙaluman da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar a 2017 sun nuna cewa cikin waɗanda aka ba maganin ciwo dangin mofin na aƙalla kwana ɗaya, kimanin kashi 6 cikin 100 suna kan sha bayan shekara. Waɗanda shan farkonsu ya kai kwana 8 ko fiye, kashi 13.5. Waɗanda ya kai kwana 31 ko fiye, kusan kashi 30.

Muhalli kuwa yana da ƙarfin da ba a zata ba. Lee Robins ta bi sawun sojojin Amurka da suka dawo daga yaƙin Biyetnam a 1971, inda kimanin ɗaya cikin biyar suka ce sun kamu da hiroyin ko danginta a can. A shekarar farko bayan dawowarsu, kimanin kashi 5 cikin 100 ne kacal na waɗanda suka kamu suka sake kamuwa, cikin shekara uku kuma kashi 12. Sun bar fargabar yaƙi, sun bar wuraren da abokan shan, abin kuma ya daina samuwa a sauƙaƙe. Wannan binciken ya isa hujja cewa kamuwa ba hatimi ba ce da ba ta gogewa, ya kuma bayyana dalilin da ya sa wanda aka sallama daga cibiyar gyara aka mayar da shi cikin mutanen da wuraren da ya saba yake saurin komawa.

Likitoci ba sa auna kamuwa da yawan abin da aka sha kaɗai. Kundin tantance cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka, bugu na biyar na 2013, ya jera alamomi 11 da ake dubawa cikin wata 12. Daga ciki akwai shan fiye da abin da aka yi niyya, yunƙurin ragewa ana kasawa, ɓata lokaci mai yawa wajen nema da sha da farfaɗowa, barin abubuwan da aka saba so, da ci gaba da sha bayan ya taɓa lafiya ko aiki ko zaman iyali. Alama 2 zuwa 3 mataki ne mai sauƙi, 4 zuwa 5 matsakaici, 6 zuwa sama mai tsanani. A ganinmu, wadda ta fi cancantar a sa mata ido ita ce ta farko, domin tana bayyana tun kafin kowa ya lura, lokacin da juyawa bai yi tsada ba. Wanda ya sa wa kansa iyaka ya tsallake ta sau da yawa bai kamata ya jira karkarwar hannu ba kafin ya ga likita.

Wanda jikinsa ya riga ya dogara da giya ko maganin barci kada a kulle shi a ɗaki a ce ya daina rana ɗaya. Ana yanke giya ne a gaban ma'aikatan lafiya, da maganin da ke hana jijjiga na 'yan kwanaki, tare da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa daga lalacewa. Maganin barci kuma ana rage shi kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni. Ga dangin mofin, wanke ƙwayar daga jiki kaɗai ba magani ba ne, yana ma iya ƙara haɗarin mutuwa tunda yana zubar da sabon jiki ya bar kwaɗayin. Magungunan metadon da bufrenofin, waɗanda ke zama a makarɓan da ƙwayar ke kamawa ba hawa da sauka, suna rage mace-macen masu wannan jarabar da kusan rabi muddin ana kan shansu. Naloksan, wani maganin gaggawa, yana farfaɗo da wanda dangin mofin suka tsayar wa numfashi, amma aikinsa minti 30 zuwa 90 ne, ƙwayar na iya fin sa daɗewa a jiki, don haka dole a kai mutum asibiti ko da ya farka ya ce ya warke.

Watannin farko bayan dainawa su ne ake yawan yi wa gurguwar fahimta. Binciken da aka yi kan ɓeraye a ɗakin gwajin Yavin Shaham a 2001 ya nuna cewa kwaɗayin da alamu ke tayarwa ƙaruwa yake yi cikin wata biyun farko, ba raguwa ba, an kuma ga irin haka a mutane daga baya. Wato daidai lokacin da jiki ya murmure, iyali suka saki jiki, shi kansa ya ga ya fi ƙarfin abin, lokacin ne haɗuwa da tsohon abokin sha ko wucewa ta tsohon wurin ta fi tasiri. Kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sukan koma aƙalla sau ɗaya, adadin da bai yi nisa da na masu hawan jini ko asma da ciwonsu ke sake tashi ba. Idan hakan ta faru, abin yi shi ne a koma wurin mai magani cikin kwanakin, a gano alamar da ta tayar da kwaɗayin, a gyara tsarin maganin, a kuma tabbatar wanda ya koma ya san cewa adadin da ya saba ɗauka a da yanzu ya fi ƙarfin jikinsa.